Notin libarba ta sai kwancewa yake, me zan sa masa ya zauna?

Bash_Houston: Salam jama'a. Don Allah masu sanin harkar ƙarfe ku taimaka min. Ina da wata tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, mai cin harsashi shida, girman harsashinta .357 ne, ta hannu na saya a shago da takardunta komai lafiya. Matsalar ita ce akwai wani ɗan noti a gefen dama, can gaba saman inda kunama take, duk ranar da na je filin koyon harbi na dawo sai in tarar ya saki. In ɗaure, in koma, ya sake kwancewa. Jiya har ya leƙo waje sosai kaɗan ya rage ya faɗi. Ina tunanin in ɗiga masa sufa gulu in huta, ko akwai wata dabara?

dan_kurna88: Tab. Mu nan notin fanka muke fama da shi, wasu kuma notin bindiga 😂 Allah ya ba kowa irin tasa matsalar

Ummu_Hanan: Wai a group ɗin nan ake maganar bindiga a fili haka? Admin yana ina

Bash_Houston: Hajiya kwantar da hankalinki, a Texas nake, nan mai katin zama na dindindin yana iya sayen bindiga a shago bayan an duba bayanansa. Ba ta ƙarƙashin gado ba ce.

Oga_Ilu_KofarRuwa: Kai Bash kar ka kuskura ka sa sufa gulu. Gam ne na manna abu da abu, ba na noti ba, da zafi ya taɓa shi ko girgiza sai ya farfashe ya zama gari a cikin tiredi, wato zaren jikin notin, kuma in ya gangara ciki ya kama abin da bai kamata ba ka shiga uku. Abin da ake sawa Loctite ne, ruwan maganin riƙe noti, mu da shi muke aiki a inji, akwai shuɗi akwai ja. Shuɗin za ka nema. Jan nan in ka sa to ka yi sallama da notin, sai an gasa shi da wuta kafin ya motsa.

Malam_Sani_Ohio: Wa alaikumus salam Bashir. Kafin komai, buɗe silindar, wato ƙarfen nan mai juyawa da ake zuba harsashi a ramukansa, ka zazzage harsasan, ka leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya da idonka, ka kai harsasan wani ɗaki daban sannan ka zauna aiki. Na san ka sani amma ba a gajiya da faɗa. To yanzu tambaya: gefen daman nan akwai faranti na ƙarfe da notuna suka riƙe, irin ginin kamfanin Smith & Wesson? In haka ne, wannan notin na gaba ba farantin kawai yake riƙewa ba. Shi ne yake riƙe hannun da silindar take lilo a kansa in ka buɗe ta gefe. Ranar da ya faɗi, kana buɗewa don zubar da kwanso sai silindar da hannunta su zame gaba su faɗo ƙasa gaba ɗaya, in a kan siminti ne kuma hannun nan ya lanƙwashe to gyaran ya fi ƙarfin sukundireba. Don haka kar ka sake harbi da ita sai an daidaita shi.

Bash_Houston: Eh Malam irin ginin ke nan, faranti a dama da notuna uku, ɗaya yana ɓoye ƙarƙashin katakon mariƙi.

Malam_Sani_Ohio: Madalla. Maganar Oga Ilu daidai ce sai dai zan ɗan ƙara. Shuɗin, wato 242 ko 243, an yi shi ne don notuna masu kauri daga wajen milimita 6 zuwa sama, irin nasu na gareji. Notin bindiga ƙanana ne ƙwarai kuma kansu tsaga ɗaya ce siririya, don haka ni na fi son mai ruwan shunayya, 222, shi aka yi wa ƙananan notuna kuma yana sakin jiki da sukundireba ba sai ka yi kokawa ba. Ka ciro notin, ka wanke shi da ramin da asiton ko sifirit har mai ya fita tas, ka bari ya bushe. Sai ka ɗebo ɗan kaɗan da bakin tsinken sakace ka shafa a tiredin kusa da kai, ba a bakin notin ba, domin bakin ne yake shiga cikin kwarmin hannun silindar. Ka ɗaure, ka goge abin da ya fito, ka ajiye ta awa 24. In ƙarfenta farin nan ne mara tsatsa ma yana ɗan jinkirin kamawa, kar ka yi gaggawa.

Oga_Ilu_KofarRuwa: Malam na karɓi gyara, ni shunayyar nan ban taɓa riƙe ta a hannu ba wallahi, nan kasuwa shuɗi da ja ne suka cika. Amma Bash ka kula da abu ɗaya, robar da ake zuba su ja ce ko da na ciki shuɗi ne. Lambar za ka karanta ba kalar roba ba. Yarana sun sha ɗauko 271, wato jan, suna cewa ai duk ɗaya ne.

Sarkin_Baka_Ningi: Assalamu alaikum. Ni dai duk wannan turancin bai shafe ni ba. Adakata tun ta mahaifina ce, in wani abu ya saki wajen maƙeri nake kai ta ya buga mata ƙusa ya dunƙule bakin, inda katako ya tsage a naɗe da waya ko fatar akuya ɗanya ta bushe a kai ta kama gam. Kuma har gobe tana kayar da gada. Ku na birni komai sai an sayo ruwa a kwalba.

dan_kurna88: Baba Sarkin Baka ran ka ya daɗe, ai taka in ta yi harbi ɗaya sai an zauna an sha ruwa an ɗura kafin na biyu, yaushe noti zai samu damar kwancewa 😂

Sarkin_Baka_Ningi: Yaro, wanda ya iya harbi ɗaya ya ishe shi.

Engr_Mustee: Ni ina da ja a kan wannan magana ta Loctite baki ɗaya. Masu ƙera bindigar nan sun yi ta ne a riƙa kwance notin nan ana ciro silinda ana wankewa. In ka sa masa magani duk lokacin da ka kwance sai ka kankare tsohon ka sake sabo, kuma wata rana hannu zai zarce ya ɗiga ciki. Yawanci abin da ke sa noti kwancewa mai ne ya shiga tiredi, mutane suna yi wa bindiga wanka da mai kamar za a soya ta, ga bugun .357 ba wasa ba. Ka wanke tiredin ya bushe ƙayau, ka ɗaure da sukundireban da ya dace, ka saka sukundireban a jakar zuwa fili, bayan kowane zuwa ka bi notunan ka taɓa. Shi ke nan. Minti ɗaya ne.

Hajiya_Bilkin_Atlanta: Ni ban san bindiga ba amma notin gilashin idona da ya dame ni jan farce mara kala na ɗiga masa, shekara guda bai motsa ba. Ko ba zai yi ba?

Malam_Sani_Ohio: Hajiya dabararki tsohuwa ce kuma masu bindiga da yawa suna yinta, musamman a notin saiti da na ɗan maɓallin da ake turawa da babban yatsa a buɗe silinda. Yana riƙewa daidai gwargwado kuma asiton na cire shi nan take. Illarsa kawai wasu magungunan wanke bututu suna narkar da shi. Engr kuma ban ƙi maganarka ba, ni ma notin da nake kwancewa kullum ba na sa masa komai. Amma mutumin nan ya ce kowane zuwa sai ya saki, wannan ya wuce a ce mai ne kawai.

Barr_Aisha_K: Tun da na ga wasu na gida suna bin zaren nan da sha'awa bari in tuna mana. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol a jerin makaman da aka haramta, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi a hannun sufeto janar na 'yan sanda take, irin su adaka da ake ɗurawa ta baki kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Gyaran bindiga ma kansa ba kowa aka yarda ya yi ba sai mai izini. Don haka abin da Bash yake yi a falonsa a Houston halal ne a dokar can, wani ya yi shi a Kano ya kwana a hannu.

Sarkin_Baka_Ningi: 'Yata ni da takardata, kuma ƙungiyarmu ta mafarauta sananniya ce wajen hukuma da fada.

Barr_Aisha_K: Baba ba da kai nake ba wallahi, da irin su dan_kurna nake 😄

dan_kurna88: Ni ko danƙo ban mallaka ba Barista

Zongo_Bronx: chale ku mutanen Texas kuna shan daadi. mu nan New York kafin ka samu permit na karamar bindiga sai ka cika takardu ka kawo shaidu ka yi aji ka jira wata da watanni, ko bayan hukuncin kotun koli na 2022 kan 'yancin rike bindiga abin bai zama sauki ba. ku kuma tun 2021 mutum na yawo da ita ba lasisi. ni na hakura, kofa na kulle kawai nake yi in yi addu'a

Bash_Houston: Zongo gaskiya ne amma ni ba yawo nake da ita ba, tana cikin akwatin ƙarfe a kulle saboda yara, fili kawai take zuwa. Malam Sani bari in ƙara wani bayani ko zai yi amfani. In na ɗaure notin nan har ƙarshe sosai, silindar sai ta yi tauri wajen buɗewa, sai na tura da ƙarfi. Shi ya sa nake ɗan sassauta shi kaɗan bayan na ɗaure don ta riƙa buɗuwa sumul.

Malam_Sani_Ohio: Yauwa! Ai da wannan ka fara. To ba notin ne yake kwancewa don kansa ba, tun farko ba a ɗaure yake ba. Notin da bai zauna a kan kafaɗarsa ba babu abin da ke riƙe shi, harbi kaɗan zai juya. Kuma ga abin da nake zato. A tsofaffin irin wannan gini, kafin wajen ƙarshen shekarun 1980, notin gaba da na tsakiya wanda ke bayan kunama kamanninsu ɗaya a ido, duk masu kumburarren kai, amma na gaban tun a masana'anta ake goge bakinsa da hannu a daidaita shi da kwarmin wannan bindigar ita kaɗai. In wani ya taɓa buɗe farantin ya zube notunan wuri ɗaya ya mayar ba tare da lura ba, sai wanda ba a goge ba ya koma gaba, bakinsa ya yi tsawo yana danne hannun silinda. Daga baya ne suka canja suka koma noti mai ɗan sifirin da tsinke a baki wanda yake daidaita kansa. Ka ciro biyun ka jera su a kan farar takarda ka duba bakinsu, za ka ga ɗaya ya ɗan fi gajarta ko yana da alamar guga. Shi ne na gaba.

Engr_Mustee: Kun gani ko? Da ya bi shawarar farko ya zuba magani a kan notin da ba nasa wurin ba, ya daskarar da shi a sassauce, an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Oga_Ilu_KofarRuwa: Engr ai mu amsar tambayar da aka yi muka bayar, cewa ya yi noti na kwancewa. Ko a gareji mai mota in ya ɓoye maka rabin labari rabin gyara zai samu.

Nura_GSM_Farmcenter: Abin da ba wanda ya tsaya a kai sosai shi ne sukundireba. Mu masu gyaran waya mun san wannan, ƙaramin noti ba ya yafiya. Irin sukundireban gida bakinsa a fiƙe yake kamar gatari, yana shiga tsagar ne ya taɓa sama kawai, kana murɗawa da ƙarfi sai ya tsallake ya ci kan notin ya kuma ja layi a jikin ƙarfen. Wanda ake so shi ne mai baki miƙaƙƙe da zai cika tsagar daga sama har ƙasa, faɗinsa daidai da kan notin. Ka danna ƙasa sosai sannan ka juya a hankali.

Malam_Sani_Ohio: Nura ya gama magana. A nan irin na kamfanin Brownells masu sayar da kayan gyaran bindiga ake yawan saya, suna da bakuna da aka yi musamman don notunan waɗannan libarbobin. Kuma da yatsu uku ake ɗaurewa, ba da dantse ba. In ya tsaya ka ƙara ɗan kaɗan ka bari.

maidoki_maradi: Sannunku. Ni tambaya gare ni ba ta Bash ba. Wani abokina da ke aikin tsaro da izini ya ce mini tashi silinda ta ƙi buɗuwa sam bayan harbi, har sai da aka kai ma mai gyara, wai sandar nan ta gaba da aka turawa a hidda kwanso ita ta kwance. Wannan ma noti na?

Malam_Sani_Ohio: Eh tiredi gare ta ita ma. In ta kwance sai ta ƙara tsawo ta cije a mazauninta na ƙarƙashin bututu, silinda ta ƙi fita. Abin lura, a na Smith & Wesson tun farkon shekarun 1960 tiredin sandar nan na hagu ne, wato inda ka saba juyawa ka kwance nan ne ɗaurewa. An yi haka ne don juyin silindar ya daina warware ta. Mutane da yawa sun lalata ta da filaya suna zaton ɗaurewa suke. In za a ɗaure sai an zura kwanson da aka riga aka harba a ramuka biyu ko uku don ya tallafi tauraron da ke fitar da kwanso, a naɗe sandar da fata kafin a kama. Wanda bai saba ba gara ya kai wa mai gyara kamar yadda abokinka ya yi.

Kb_Sniper: tunda ana maganar noti, akwai wani a gaban marikin daga kasa, ance in ka sassauta shi kunama tana yin laushi sosai. na gani a wani video

Engr_Mustee: Kb wannan kam ni da Malam Sani ba za mu yi saɓani ba. Notin nan shi ne yake danne babban sifirin da ke ba hamar ƙarfin dukan gindin harsashi. Ka sassauta shi kunama ta yi laushi gaskiya ne, amma dukan ma ya yi laushi, sai ka ja ka ji ƙas ba ta tashi ba. Kuma da zarar ya bar mazauninsa zai ci gaba da warwarewa da kansa, daidai da abin da ya samu Bash. A ɗaure yake zama har ƙarshe. Mai son laushi ya je wajen gwani a gyara masa yadda ya kamata.

Ummu_Hanan: Ni dai har yanzu ban ga abin sha'awa a ajiye wannan abu a gidan da yara suke ba, ko da akwatin ƙarfe ne. Yaran yanzu babu lambar da ba sa ganowa.

Hajiya_Bilkin_Atlanta: Ummu wannan maganar taki ita nake yi wa maigidana kullum, shi ya sa har yau bai saya ba.

Bash_Houston: Hajiyoyi na ji, kuma ba raina maganar na yi ba. Harsashi daban bindiga daban, kowanne da makullinsa, kuma madam ce ta gindaya wannan sharaɗin tun ranar farko. Malam Sani, na ciro biyun yanzu na jera. Wallahi kamar yadda ka ce, na tsakiyan ya fi gajarta kaɗan kuma bakinsa yana ƙyalli alamar an goge. Na musanya su, na ɗaure na gaban har ƙarshe, silinda tana buɗuwa sumul ba tauri ba kuma girgiza gaba da baya. Sai dai kan wanda ya koma tsakiyar duk a cinye yake, da alama mai ita na farko ya sha fama da shi da sukundireban kicin.

dan_kurna88: Malam Sani daga Ohio ya hango noti a Texas, mu nan makanike na gaban mota yana cewa sai an sauke inji 😂

Oga_Ilu_KofarRuwa: Dan kurna ka kiyaye ni fa

Engr_Mustee: To yanzu ka bar shi haka a bushe ka je ka gwada. In ya zauna ba ka buƙatar komai.

Malam_Sani_Ohio: Alhamdulillah. Ni da ni ne zan ɗan taɓa masa 222 ɗin duk da haka tun da .357 kake harbawa, amma gwajin Engr ba laifi, in dai za ka riƙa duba shi tsakanin kowane cika biyu ko uku a fili kafin ka buɗe silindar. Wanda kansa ya cinye kuma ka yi odar sabo, ba tsada, ka faɗa musu samfurin da lambar da ke rubuce a jikin firam in ka buɗe silinda, saboda tsoho da sabo ba sa shiga wa juna. Tun da a tsakiya zai zauna ba sai an goge shi ba.

Oga_Ilu_KofarRuwa: Ni fa shunayyar nan ta tsaya min a rai, notunan kafireto da na mitar babur za ta yi musu kyau. Bash in za ka zo sallah ka riƙo min ƙaramar roba ɗaya, a jakar kaya za ka sa ba ta hannu ba.

Bash_Houston: An gama Oga, in Allah ya kai mu. Asabar zan je fili a bushe kamar yadda Engr ya ce, amma na riga na yi odar 222 ɗin da sukundireban, ko wanne ya ci zan dawo in faɗa muku.

Nura_GSM_Farmcenter: Oga Ilu in ta iso a raba da ni, ina so in gwada a notin hinjin laptop